Mazarin da ke sama: me ya sa ya daina haihuwar taurari?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku dubi hoton nan da na tura. Jiya na nuna wa 'yan aji uku a wayata, na tambaye su me suka gani. Wani ya ce ƙwayar kabewa, wani ya ce fitilar babur cikin hazo. Sai wata yarinya daga can baya ta ce, "Malam, mazarin kakata ne." Wallahi sai da na yi shiru, domin Turawan da suka yi masa laƙabi ma mazari suka kira shi. Birnin taurari ne guda, sunansa na rajista NGC 3115. Hasken da ya shiga na'urar da ta ɗauki hoton nan ya yi kimanin shekara miliyan 32 yana tafe.

Ɗanlami Mai Caji: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ni fa zanen alli nake gani a kan baƙin allo. Miliyan 32? Wa ya riƙe agogon?

Alhaji Garba: Ɗanlami ka fara ko? Bar Malam ya gama tukuna.

Malam Habibu: Ƙyale shi Alhaji, tambayarsa tana kan hanya, za mu zo kanta. Bari in fara da abin da ake nufi da birnin taurari. Farin zanen nan da muke gani ya ratsa sama da dare in ba wata, kamar an watsa gari, taurari ne bila adadin, kuma ranarmu ɗaya ce daga cikinsu. Wannan shi ne birninmu, faɗinsa tafiyar haske ta shekara kusan 100,000. To irinsa akwai su ba iyaka, kowanne da siffarsa. A 1926 wani masani Ba'amurke, Edwin Hubble, ya kasa su. Akwai dunƙulallu kamar curin fura. Akwai masu faɗi kamar faifai, da hannuwa a murɗe kamar an juya cokali a kwanon koko, namu yana cikin waɗannan. Daga baya, a 1936, ya ce lallai akwai wani iri a tsakani: yana da faɗin faifai amma ba shi da hannuwa. Ya zana taswirarsa kamar gwafa, ya ajiye wannan iri daidai inda gwafar ta rabu biyu. Na hoton nan irinsa ne. Siffarsa ta waina ce, tsakiya da kauri, baki-baki siriri. In ka kalli waina ta gefe, me za ka gani?

Nura Direba: Ni dai in na kalli waina ta gefe miyar taushe nake nema.

Sadiya: Malam ina wuni. Na nuna wa Gwaggo Tabawa hoton, ga abin da ta ce in rubuta, ba ƙari ba ragi: "Ki gaya wa Habibu wannan mazari ne da ya ɗauki zare ya cika ciki, amma an kwantar da shi. Kumburin tsakiyar nan kuma in gululu ne to mai yin sa bai iya ba, gululu a ƙasa yake zama ba a tsakiya ba."

Malam Habibu: Ki gaishe min da Gwaggo, ki ce na karɓi gyara. Amma ki ƙara mata da cewa wannan mazarin juyawa yake yi da gaske, kuma an auna.

Zainab A.: Ina wuni Malam, ina wuni iyayena. Na shigo a makare, muna lacca. Kan maganar juyawa, in Malam ya ba ni izini. Idan aka tsaga hasken tauraro da gilashi yakan baje kamar bakan gizo, a cikinsa akwai wasu siraran layuka baƙaƙe, kowane sinadari da nasa gurbin. Abin da ke tahowa wajenka layukansa kan gusa wajen shuɗi, mai gudu daga gare ka kuma su gusa wajen ja. Kamar dai odar mota ce, Yaya Nura ya fi kowa sani: in tana tahowa muryar siririya, tana wuce ka sai ta yi kauri. Da aka auna wannan birni, gefe ɗaya ya fi ɗaya gusawa wajen ja, wato ɗaya gefen na juyowa ta wajenmu, ɗayan na komawa. Shi ya tabbatar faifai ne mai juyawa, ba curi ba ne mai tsawo. Gaba ɗayansa kuma yana nisantar mu da gudun da ya haura kilomita 600 a sakan guda.

Ɗanlami Mai Caji: Abu 'yar boko. Tun da aka kai ki Dutse ba a ƙara jin Hausarki daidai ba. Ni tambayata tana nan: wa ya auna nisan?

Zainab A.: Kai da ko cajin waya sai ka haɗa wa mutane batir ɗin wani, ina kai ina awon sama? Saurara. Ka taɓa tsayawa kusa da tsibin gero a masussuka? Kana ganin ƙwaya ɗaya-ɗaya. Ja da baya taku hamsin, sai ka ga ɗan gurji-gurji kawai. Je can bakin hanya, sai ya zama sumul kamar tulin yashi. Birnin taurari ma haka yake a hoto. Na kusa hotonsa na da ɗan tsakuwa-tsakuwa saboda manyan taurarinsa, na nesa kuma sumul. Ana auna yawan wannan gurjin, a gwada da na biranen da aka riga aka san nisansu, sai lissafi ya fito. Tun 1988 ake amfani da wannan dabara, kuma ta fi dacewa da irin waɗannan birane masu tsofaffin taurari.

Ɗanlami Mai Caji: To su waɗancan da "aka riga aka sani" ɗin, wa ya gaya musu?

Malam Habibu: Yauwa, nan ne Ɗanlami ya yi tambayar ɗalibi. Tsani ne, mataki kan mataki. Taurarin kusa ana auna su da lissafin kusurwa: ka miƙa yatsa, ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ɗaya, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Duniya na zagaya rana, to ana duban tauraro yau, a sake dubansa bayan wata shida daga ɗaya gefen, tsallen da ya yi shi ke ba da nisa. Mataki na gaba wasu taurari ne masu haske yana ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. Wata mata, Henrietta Leavitt, ta gano a 1912 cewa tsawon lokacin bugawarsu yana faɗin ainihin ƙarfin haskensu. In ka san ƙarfin fitila, ka ga yadda ta dushe, ka san nisanta. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: irin waɗancan taurari matasa ne, shi kuwa mazarinmu ba shi da matasa. Dole aka koma dabarar tsibin gero. Kuma ban ce 32 cif ba, kimanin na ce. Wani awon ya ɗan hau, wani ya ɗan sauka, amma ba wanda ya ce 3 ko 300.

Alhaji Garba: Ni a nan na tsaya. Ba shi da matasa kamar yaya? Taurari ma haihuwa suke?

Malam Habibu: Ranka ya daɗe, ai nan na so mu iso tun farko. Ana samun sabon tauraro ne idan gajimaren iskar haidirojin mai sanyi da ƙura ya taru ya danne kansa har tsakiyarsa ta kama da wuta. A birninmu wannan aiki na gudana har yau, a cikin hannuwan nan. Shi wannan kuwa an duba an ga iskar mai sanyi kusan babu. Ba iri a rumbu, ba shuka. Abin da ya rage tsofaffin taurari ne, shekarunsu biliyoyi, shi ya sa launinsa ya yi ɗorawa-ɗorawa, babu shuɗi.

Ado Maƙeri: Malam a nan zan sa baki, don wuta sana'ata ce. Ƙarfe in ya fara zafi ja yake yi, in aka ci gaba da zuga ya koma ruwan ɗorawa, in ya kai maƙura ya yi fari. Kenan jan tauraro shi ne mai sanyi?

Zainab A.: Daidai Kawu Ado, kuma bayan fari akwai shuɗi, shi ya fi duka zafi. Shuɗɗan taurari manya ne, masu cin wuta kamar an zuba kara a murhu, cikin 'yan miliyoyin shekaru sun ƙone. Ƙananan kuwa kamar gawayin kirya suke, a hankali suke ci. Saboda haka in ka ga birni ba shuɗi ko kaɗan, ka san an daɗe ba a yi haihuwa ba, masu saurin mutuwa sun tafi, ba a maye gurbinsu ba.

Nura Direba: Wato ƙauyenmu da rani kenan. Samari duk sun tafi cin rani Legas da Fatakwal, sai tsofaffi a gindin bishiya.

Alhaji Garba: Nura ka kiyaye ni, ni ma a gindin bishiyar nake.

Alaramma Malam Isa: Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Wani ya turo min saƙo ta gefe yana tambaya ko wannan hira ba ta shiga duba da taurari ba. Na ga gara in amsa a nan. Abin da aka hana shi ne a ce tauraro kaza ya fito don haka auren wane zai mutu, ko a danganta masa arziki da tsiya. Amma sanin mazaunin taurari da tafiyarsu, ai da shi iyayenmu suka san alƙibla a daji, da shi manomi ke duban kaza da 'ya'yanta ya san inda shekara ta kai. Ban ji Malam Habibu ya ce mazarin nan zai kawo wa kowa ciniki ba.

Malam Habibu: Allah ya saka da alheri Alaramma. Kuma ai malaman Musulunci sun riga kowa rubuta irin wannan. Abdurrahman as-Sufi, mutumin ƙasar Farisa, wajen shekara ta 964 ya ambaci wani "ɗan gajimare" a sama, wanda yanzu aka san maƙwabcinmu ne Andromeda, nisansa shekara miliyan 2.5. Shi ana ganinsa da ido a dare mai duhu. Shi kuwa mazarinmu sai a 1787 William Herschel ya hango shi daga Ingila, da madubin da ya ƙera da hannunsa, ƙanwarsa Caroline na rubuta masa abin da yake gani. Shekara 17 kenan kafin Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Shi kansa Herschel bai san me ya gani ba, hazo-hazo kawai ya rubuta.

Ɗanlami Mai Caji: Na yarda da tsibin gero, don na gane shi. To ina iskar ta tafi? Wa ya kwashe irin daga rumbun?

Musbahu: Wannan na san amsarta, na taɓa karantawa. Shiƙa ce. Irin waɗannan birane sun fi yawa a inda birane suka yi cincirindo, ɗaruruwa ko dubbai wuri guda. Tsakaninsu akwai iska mai tsananin zafi. In birni ya kutsa cikinta da gudu sai ta kwashe masa tasa iskar, taurari kuwa su wuce abinsu saboda nauyi. Kamar mata in suna shiƙa, ƙaiƙayi ya bi iska, tsaba ta zube a ƙwarya. Masana biyu ne suka kawo bayanin a 1972. An gama magana.

Sadiya: Gwaggo ta ce wannan yaron ya fi Habibu iya bayani.

Zainab A.: Yaya Musbahu misalinka ya yi kyau, kuma gaskiya ne a kan da yawa daga cikinsu, musamman na cincirindon Virgo da Coma. Amma ba a gama magana ba. Shi NGC 3115 ba ya cikin wani babban cincirindo. Kusan shi kaɗai yake a fili, sai 'yan ƙananan birane da ke raɓe da shi. Shiƙa kuwa sai da iska. Wa ya shiƙe wanda ke zaune inda iska ba ta kaɗawa?

Musbahu: Ƙila da can yana cikin taro, ya fito.

Zainab A.: Ba a fita daga irin wannan taro haka kawai, nauyin taron ke riƙe da kowa. Kuma da za a ga taron a kusa.

Musbahu: To ke faɗi naki mu ji.

Zainab A.: Ni ba ni da nawa, sai na masana, kuma su ma ba su haɗu a kan ɗaya ba. Wasu sun ce karo ne: birane biyu suka haɗe tun da daɗewa, iskar ta matsu ta haifi taurari da yawa a lokaci guda ta ƙare, hannuwan suka warware. Wasu sun ce ba wani karo, ci ya yi ta yi daga rumbu ba a zubo masa sabo daga waje, har ya ga ƙasa. Hannuwan kuma dama iska mai sanyi ke raya su, in ta ƙare sai su shafe a hankali. Na uku shi ne abin da ke zaune a cibiyarsa.

Alhaji Garba: Me ke zaune a cibiyar kuma?

Malam Habibu: Baƙin rami, ranka ya daɗe. Wuri ne da nauyi ya taru ya matse har haske ma in ya faɗa ba ya fitowa. Namu birnin yana da shi, nauyinsa kamar rana miliyan 4, waɗanda suka tabbatar da shi har lambar Nobel suka samu a 2020. Na mazarin nan kuwa ana maganar rana biliyan ɗaya ko fiye. Tun 1992 aka gano alamarsa, ba don an gan shi ba, sai don taurarin da ke kusa da tsakiya suna gudun da ba zai yiwu ba sai in akwai wani ƙaton nauyi da ke jan su. Kamar ka hango shanu na zagaye wuri guda ba sa barinsa, ka san akwai turke ko ba ka gan shi ba. A 2011 kuma na'urar Chandra da ke shawagi a sama, mai gani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ta nuna iska mai zafi tana gangarawa wajensa tun daga nisan tafiyar haske ta shekara 700.

Ɗanlami Mai Caji: Shi ke nan an kama ɓarawo. Ramin ne ya shanye iskar.

Zainab A.: Ba shanyewa ba. Ko da girmansa, ɗan mitsitsi ne in aka gwada da birnin, ba zai iya zuƙo abin da ke can baki-baki ba. Abin da ake zargi shi ne lokacin da yake ci da ƙarfi, abin da ke faɗawa cikinsa kan yi zafi ya yi feshi waje, feshin ya dumama sauran iskar ko ya kore ta. Iska mai zafi kuwa ba ta dunƙulewa ta zama tauraro. Yanzu dai lafau yake, ɗan hasken da ke fitowa daga wajensa bai taka kara ya karya ba.

Malam Habibu: Ni in za a tambayi ra'ayina, na fi karkata ga karo tun farkon zamani, sannan yunwa ta ƙarasa. Rami mai nauyin rana biliyan ba ya girma da ƙanzo, sai an tura masa abinci mai yawa, kuma karo ne ke tura iska tsakiya haka. Amma ra'ayin malamin ƙauye ne, kada wani ya kai shi jarrabawa.

Musbahu: Ni har yanzu ban saki shiƙa ba. In karo ne, me ya sa faifan bai farfashe ba? Ku da kanku kun ce yana juyawa lafiya lau, siriri abinsa.

Zainab A.: Wannan ƙalubale ne mai kyau, masu cewa yunwa ce kawai da shi suke kafa hujja. Masu karo kuma su ce in akwai iska da yawa lokacin haɗuwar, takan sake kwantawa ta yi sabon faifai. Amma ka lura, ko ka ci wannan gardamar ba shiƙa ka tabbatar ba, yunwa ka taimaka wa.

Ado Maƙeri: Ni abin da ya dame ni daban. Kun ce hasken ya yi shekara miliyan 32 a hanya. Kenan abin da muke gardama a kai tsohon labari ne. Ƙila ma yanzu babu shi.

Malam Habibu: Tsohon labari ne kam, Ado. Ko rana da ka gani, ta minti 8 da suka wuce ce, alhali in babur ne mai gudun kilomita 60 a awa, ba tsayawa ba shan mai, sai ya shekara kusan 285 kafin ya isa. Amma kada ka damu, yana nan. Taurarin da suka rage masa masu biliyoyin shekaru ne a gaba. Miliyan 32 a wurinsu kamar ka bar dattijo ranar kasuwar Maigatari ka dawo wata Alhamis ɗin.

Nura Direba: To mu dai a nuna mana shi da idonmu. Ko sai an je Amurka?

Malam Habibu: Mu ne ma muka fi su wurin kallo. Akwai tauraro mai haske da Larabawa ke kira Ƙalbul Asad, zuciyar zaki. Mu nan Jigawa, da yake muna wajen digiri 12 arewa, ta tsakar kanmu yake bi. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, wajen ƙarfe 9 zuwa 10 na dare, ka ɗaga kai za ka gan shi. Ka fuskanci kudu, ka miƙa hannu, ka auna taƙi guda daga shi zuwa ƙasa, nan mazarin yake. Sai dai ido ba ya kama shi. Tsawonsa a sama bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin wata ba, ga shi dishi-dishi. Sai da madubin hangen nesa, ko ƙarami ne, da dare marar wata, bayan hazo ya kwanta.

Alhaji Garba: Ina da mai ido biyu da na sayo a Makka, yana cikin adaka tun bara waccan.

Malam Habibu: In ƙarami ne da wuya ya nuna wannan sosai, Alhaji, ko ya nuna kamar ɗigon tauraro za a gani. Amma zai nuna wani, Centaurus A, wanda nisansa bai wuce miliyan 11 zuwa 13 ba. Shi ma masana na jayayya ko waina ne ko curi, ga wata baƙar ɗamarar ƙura ta ratsa shi. Yana can kudu ƙasa-ƙasa, a watan Mayu wajen ƙarfe 10. Sai mu fita bayan gari wajen fako, nesa da fitilun solan bakin masallaci.

Ɗanlami Mai Caji: Zan zo da wayata in ɗauka.

Zainab A.: Wayar da ko fuskarka ba ta ɗauka sai da rana tsaka?

Sadiya: Gwaggo ta farka daga gyangyaɗi, na karanta mata inda aka tsaya. Ta ce a tambayi Habibu, wannan mazari da ya ce yana ta juyawa ba auduga, wa ke murza shi?

Malam Habibu: Ki ce mata ba mai murzawa yanzu. Tun murzawar farko ce, kuma can ba tasa a ƙarƙashinsa da za ta ci masa gudu.

Sadiya: Ta ce to ba mazari ba ne, katantanwa ce ta yara. Ta ce kuma in za ku fita kallon a zo a ɗauke ta a babur, amma ba na Nura ba.